Kabar Alƙali a Gawo Biyu

A zamanin Sarki Dambo na Kandawa, mai dukiya ya fi tsoron ganyen kaba a kan tsinin mashi. Dalili kuwa, tun kaka da kakanni, idan Alƙali ya yanke wa mutum hukuncin biyan bashi, aka ba shi wa'adi ya wuce bai biya ba, sai a tura masa Sarkin Dogarai da ɗanyar kaba a hannu. Duk abin da ya ƙulla wa kabar nan, rumbu ne ko barga ko ƙofar taska, ya fita daga hannun mai shi ke nan, ya zama na shari'a, har ranar da dillalai za su yi gwanjonsa a biya mai bin bashi. Wanda ya tsinke ƙullin, ko ɗan sarki ne, hannunsa na dama ya tafi. Mutum ɗaya ne ke da ikon kwancewa, shi ne wanda ya ƙulla. Amma in ya kwance kafin a biya, bashin gaba ɗaya ya tashi daga wuyan mai shi ya koma nasa wuyan. Magabata sun tsara haka ne don kada Sarkin Dogarai ya ci toshiyar baki ya saki kayan mutane, kuma dabarar ta yi aiki, don ba a taɓa jin wanda ya kwance ba.

Mai riƙe da wannan sarauta a lokacin shi ne Nomau, wani dogon dattijo marar yawan magana. Ya ƙulla wa attajirai kaba, ya ƙulla wa malamai, har surukinsa ya taɓa ƙulla wa, ya koma gida ya ci tuwonsa hankali kwance. Mutanen birni ba sa ƙaunarsa, ba sa kuma zaginsa; in dai ya biyo lungu, kowa hannunsa yake fara dubawa kafin ya dubi fuskarsa. Duk abin da ya mallaka a duniya gida ne mai soro ɗaya a bayan kasuwa, da wata gonar fadama da ya gada daga mahaifinsa, inda yake da niyyar komawa ya noma rake da albasa ranar da ya ajiye jar riga. Ya faɗi wannan niyya sau da yawa, har matarsa Gwamma ta daina amsa masa.

Bashin da ya jawo wannan al'amari na Madawaki Barau ne, shugaban mayaƙan ƙasar, wanda ke zaune a Gawo Biyu, garin iyaka mai ganuwa da ke fuskantar ƙasar Tarkawa ta ƙetaren kogi. Madawaki ya karɓi dawakai da sulke da takubba a hannun Madugu Cindo, babban falken birni, da alkawarin zai biya da ganimar yaƙin bazara. Yaƙin bai yi kyau ba, abin da aka samo ko kuɗin linzamai bai kai ba. Madugu ya yi haƙuri, ya yi aike, ya yi zarya, daga ƙarshe ya kai ƙara. Alƙali Malam Haliru ya saurari shaidu, ya ce Madawaki ya biya. Madawaki ya yi kunnen uwar shegu da hukuncin har damina biyu suka wuce. Duk sa'ad da aka tayar da maganar, sai ga manzo daga Gawo Biyu jiƙe da gumi, ya faɗi gaban Sarki ya ce Tarkawa na shirin ƙetarowa, a fada kuma sai a ce a ƙyale mutum ya ji da abokan gaba. Tarkawan kuwa ko sau ɗaya ba su ƙetaro ba.

Bayan an gama girbi, Galadima Tunau, wanda ba ya ga maciji da Madawaki tun suna samari, ya sa aka sake kawo maganar gaban majalisa. Da safiyar ranar, zumar da ta daɗe a kogon kukar ƙofar fada ta tashi gaba ɗaya ta yi gabas. Malamin da ke duba wa Sarki ya buga ƙasa ya ce alama ce ta arziki zai bar wani gida, amma bai ga ko gidan wa ba. Mutanen Galadima suka ce na Madawaki ne, mutanen Madawaki suka ce na Galadima ne, kowa ya shiga zauren majalisa da ƙarfin gwiwa.

Galadima ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Hukunci ne aka yanke da sunanka, a zauren Alƙalinka, ga shi nan kwance a ƙasa ana tsallake shi. Talakan da ake bin bashin akuya, kafin wata ya mutu Sarkin Dogarai na bakin ƙofarsa. Yau fatake na zaune a zango sun zuba ido. In suka ga hukuncin Kandawa yana da wanda yake kamawa da wanda yake durƙusa wa, za su ɗaure kayansu su bi wata hanya, kasuwarmu ta bushe. Ba Madawaki nake ƙi ba, Zaki, mutuncin gadon nan nake ji."

Kowa a zauren ya san Madawakin yake ƙi. Abin haushin shi ne maganar tasa gaskiya ce.

Manzon Madawaki ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ubangidansa na roƙon a saurara masa har rani ya wuce, domin Tarkawa na tara dakaru a bakin kogi. Wasu fadawa suka sunkuyar da kai suna murmushi, don sun haddace saƙon. Da ya ga wannan ba ta shiga ba, sai ya kawo wata. Ya ce shari'a ta bar wa mai bashi rigar jikinsa, da abincin iyalinsa har sabon hatsi ya shigo, da kayan sana'arsa. Ba a taɓa ƙulla wa fartanyar manomi kaba ba, ba a taɓa ƙulla wa gudumar maƙeri ba. Madawaki kuwa sana'arsa yaƙi, don haka dawakai da sulke da kibau kayan sana'a ne.

Sarki ya dubi Alƙali. Malam Haliru ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara. Ana bar wa manomi fartanyar da hannunsa ke riƙewa, ba a bar masa fartanyun gayya. Madawaki mutum ɗaya ne. A bar masa doki ɗaya da takobi ɗaya, da mashi da garkuwa, da rigar jikinsa da abincin gidansa. Abin da ya haura wannan dukiya ce, dukiya kuwa tana biyan bashi."

Nomau yana tsaye a bakin ƙofa, inda Sarkin Dogarai ke tsayawa. Bai saba sa baki a majalisa ba, amma ranar ya nemi izini ya yi tambaya guda: in aka yi rashin sa'a maganar manzon ta zama gaskiya a wannan karon, ga kaba a ƙofar taskar makamai, yaya za a yi? Galadima ya yi dariya, ya ce aikin Sarkin Dogarai ƙulli ne, tunani kuwa a bar wa masu manyan rawuna. Sarki shi kansa yana shakkar Madawaki yana kuma buƙatarsa, kuma ya gaji da yadda ake raɗa cewa Gawo Biyu ta zama wata masarauta a cikin masarautarsa. Daga ƙarshe ya ce a zartar da hukunci kamar yadda Alƙali ya faɗa. Nomau ya rusuna ya fita yankan kaba.

A hanya ya yi ta shirya abin da zai ce in ya tarar an rufe masa ƙofar gari, don abin da ya zata ke nan. Sai ya tarar da ƙofa a buɗe, Madawaki da kansa ya fito tarye. Barau gajere ne kakkaura, mai yawan fara'a, da tabon sara a goshi. Ya sauki Nomau da dogaransa a gida mai kyau, ya aika musu da fura da rago, ya ce su huta gajiya, aikin a bar shi sai ranar kasuwar garin, domin yana so jama'a su shaida Barau bai tsaya wa shari'a a hanya ba.

Ranar kasuwa kuwa ya shige gaba, Nomau na biye, 'yan kasuwa na gari da baƙi na biye da su suna kallo. Ya nuna barga, Nomau ya ƙulla, ya bayyana wa masu kula da dawakai cewa za su iya ba su ci da sha, amma ba mai ɗora musu sirdi. Ya nuna taskar takubba da masu, ya nuna ɗakin lifidi da kwalkwali, ya nuna rumbun kibau, Nomau na ƙullawa. Da Nomau ya ɗauka an gama, Madawaki ya ja shi bayan gida, ya sa aka kawar da wata tsohuwar asabari, sai ga ƙofar wani ɗaki cike da sulke wanda ko Madugu Cindo bai san da shi ba.

"Ga wannan ma, Sarkin Dogarai," in ji Madawaki. "Kada a ce Barau ya ɓoye wa Alƙali ko allura."

Nomau ya tsufa a aikin nan. Ya ga masu bashi na kuka, ya ga masu tsinuwa, ya ga wanda ya ɓoye jaki a ɗakin uwarsa ya rufa masa zane. Bai taɓa ganin wanda ke tuna masa abin da ya manta ba. Ya sha jinin jikinsa, amma bai ga inda tarkon yake ba, umarnin Sarki kuma ba a komawa da shi. Ya ƙulla wa ɗakin sulken kaba, ya aika birni a turo dillalai su zo su yi wa kaya kuɗi, ya zauna jiransu.

Dillalai ba su iso ba tukuna wata safiya aka ga hayaƙi na tashi ta wajen kogi. Kafin hantsi mutanen ƙauyukan bakin ruwa suka fara shigowa gari da gudu, mata da goyo da ƙullin tsumma a ka, tsofaffi a kan jakuna, awaki na kutsawa tsakanin ƙafafu. Ɗan leƙen asirin Madawaki ya iso a kan doki duk kumfa, ya ce Tarkawa sun ƙetaro ta mashigi, da Sarkin Yaƙinsu a gaba, kuma kafin la'asar suna bakin ganuwa. Birni kuwa tafiyar kwanaki ce, ko da manzo ya kashe doki a hanya.

Aka buga kugen yaƙi. Mayaƙa suka sheƙo taskar makamai, suka yi turus a bakin ƙofa. Ƙartai masu tabon yaƙi a jiki, ga su tsaye cirko-cirko a gaban ganyen da akuya za ta cinye a loma ɗaya. Wani barde ya zare wuƙa ya nufi ƙullin. Madawaki ya daka masa tsawa, ya ce duk wanda ya taɓa kabar Alƙali, shi da kansa zai sare masa hannu kafin a kai shi birni. Sannan ya sa aka shimfiɗa masa buzu a ƙofar zaurensa, aka ɗaure masa dokinsa guda a gefe, ya ɗora takobinsa a cinya ya zauna.

A nan Nomau ya same shi. Ya durƙusa ya yi gaisuwa kamar yadda ya kamata, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ka san da zuwansu tun kafin in iso garin nan."

"Na aika an faɗa a gaban Sarki," in ji Madawaki. "Ai kana wurin."

Nomau ya roƙe shi ya tsinke kabar da kansa, ya ce babu sarkin da zai sare hannun da ya ceci gari. Madawaki ya ce ko Sarki ya yafe, Galadima ba zai yafe ba, shekara da shekaru yana jiran hannun nan.

"Ni yanzu mai bin shari'a ne, Sarkin Dogarai. Abin da Alƙali ya bar mini ga shi nan, doki ɗaya da takobi ɗaya. Da su zan fita in mutu a ƙofar gari, yadda ya dace da Madawaki. Sauran kayan kuwa ba nawa ba ne. Mai ƙullin yana nan da ransa."

To, yanzu Nomau ya ga tarkon, kuma ya ga ƙafarsa a ciki. Ya ce zai kwance, amma Madawaki ya kira Limamin gari da dattawa ya faɗa a gabansu cewa bashin yana nan a wuyansa. Madawaki ya shafa gemu ya ce ba a maganar bashi ranar yaƙi, in Allah ya kai su birni lafiya sai a yi ta a gaban Alƙali. Bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Nomau ya tashi ransa a ɓace ƙwarai. Ya san girman bashin, don shi ya ji ana karanta shi a zauren Alƙali: zai haɗiye gidansa, ya haɗiye fadamar mahaifinsa, ya kuma nemi ƙari. Ya ce a ransa ba zai kwance ba. Madawaki ba mahaukaci ba ne, iyalinsa na cikin garin nan, in ya ga ƙurar Tarkawa da idonsa dole ya tashi ya tsinke. Ya koma ya tsaya a gaban taskar ya harɗe hannu, yana jiran wanda zai fara gajiya.

Aka kira azahar. Madawaki ya tashi ya yi alwala, ya yi sallarsa a natse, ya dawo kan buzunsa ya sa aka kawo masa goro. Masu gadi a kan ganuwa suka fara kiran cewa suna hango tutoci. Mutanen ƙauye sun cika filin da ke gaban taskar, kallon Nomau kawai suke. Wata tsohuwa mai riƙe da jikoki ta matso ta tambaye shi, ba da faɗa ba, ko shi ne aka ce mai mabuɗin ɗakin. Ya dubi Madawaki yana taunar goro, ya ga har yanzu bai iya gane ko mutumin nan wasa yake ko da gaske zai bari a ci garin ba, kuma ya ga waɗannan mutane ba su da lokacin jiransa ya gane.

Ya matsa ya sa hannu. Kabar ta bushe ta yi tauri, sai da ya haɗa da haƙori. Da ƙullin ya saki, ya juyo ya faɗi abin da al'ada ta ce a faɗa, wanda ba a taɓa jin an faɗa ba: "Ku shaida, ni na ƙulla, ni na kwance." Ya bi sauran ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, barga da ɗakin lifidi da rumbun kibau da ɗakin sulke. Kafin ya gama na ƙarshe Madawaki ya riga ya hau, yana rarraba mutanensa kamar wanda ya daɗe da sanin inda kowa zai tsaya.

Tarkawa suka iso da la'asar a warwatse, suna tafe suna waƙa. Da yawansu ko garkuwa ba su ɗauko ba, igiyoyin ɗaure bayi ne rataye a kafaɗunsu. Aka bar su har suka zo gindin ganuwa suka fara jingina tsani, sannan 'yan baka suka miƙe daga badalar ganuwa suka sakar musu ruwan kibau masu dafi. Suna cikin ruɗewa ƙofar gabas ta buɗe, 'yan lifidi suka fito a jere, Madawaki a tsakiyarsu, suka bi ta gefensu suka raba su biyu. Rabin suka watse cikin karan dawa, aka bi su ana tsinta. Rabin suka juya kogi, suka rasa mashigin a cikin gaggawa, ruwa ya ci mutane da yawa. Aka kama Sarkin Yaƙinsu da rai, aka kwashe dawakai da raƙuman kaya da duk abin da suka taho da shi. Nomau ya yi wunin a kan ganuwa yana miƙa wa 'yan baka kwari, har kafaɗarsa ta ƙage.

Da ana shigo da kamammu, ya tsayar da wani ya tambaye shi me ya sa suka zo yaƙi da igiya. Mutumin ya ce fatakensu ne suka dawo daga kasuwar Gawo Biyu da labarin sun gani da idonsu an ƙulle makaman garin da kabar Alƙali, kuma kowa ya san mutanen Kandawa gara su mutu da su taɓa ta. Sai a lokacin Nomau ya gane dalilin da aka ce a jira ranar kasuwa. Madawaki ya yi farauta da shi sau biyu a tafiya ɗaya, kuma duk biyun ya samu nama: ya jawo Tarkawa cikin tarko, ya kuma sauke bashinsa a wuyan Nomau.

Aka koma birni da tambura. Sarki ya kira majalisa, ya yi wa Madawaki alkyabba, ya ƙara masa garuruwa a bakin kogi, maroƙa suka yi ta yi har muryarsu ta dushe. Galadima ya yi barka da fuska kamar wanda ya tauna maɗaci. Nomau na tsaye a wurinsa na bakin ƙofa, yana jira a zo kan maganarsa, kuma a gaskiya yana da sa rai, domin ganimar da aka shigo da ita ta isa ta biya bashin har sau biyu.

Madugu Cindo ne ya kawo maganar. Ya faɗi ya yi wa Sarki murnar nasara, sannan ya tambaya cikin ladabi wa zai bi yanzu. Galadima, da ya rasa wanda ya so kayarwa, ya kama wanda ke kusa. Ya ce al'ada a fili take, jama'ar gari guda sun ji Sarkin Dogarai ya ce shi ya ƙulla shi ya kwance. Alƙali ya ce wannan hukunci bai same shi a littattafai ba, al'adar ƙasa ce da sarakuna suka tabbatar, shi kuma ya rantse zai bi ta. Ya ce ƙofa ɗaya ce ta rage: in mai bashin na asali ya faɗa da bakinsa cewa ya mayar da bashin wuyansa, shi ke nan Nomau ya fita.

Zauren ya juya ga Madawaki. Ya gyara sabuwar alkyabbarsa ya rusuna.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Damina biyu ana cewa Barau ya fi ƙarfin shari'a, an faɗe shi a wannan zaure, an faɗe shi a kasuwa. Na ji, na kuma tuba. Daga yau ba za a ƙara jin Alƙali ya yanke hukunci ni na sa baki na canja shi ba. Abin da al'ada ta ce, na bi."

Nomau ya ji kunya ta kama shi, ba don talaucin da ke tafe ba, sai don ya bari ya sa rai da mutumin da ya riga ya nuna masa halinsa a kan buzu. Ya dubi Sarki. Sarki na da ikon biya daga baitulmali, kowa ya sani, amma yau ba ranar ɓata wa Madawaki ba ce, ba kuma ranar ƙara kunyata Galadima ba. Sarki ya ce Nomau ya yi aikin maza, ƙasa ba za ta manta ba, amma in aka buɗe wannan ƙofa, gobe kowane Sarkin Dogarai zai samo yaƙin da zai kwance kaba dominsa. Ya sa aka kawo wata riga mai aska aka miƙa masa. Alƙali ya yafito shi ya raɗa masa ya sa ta yanzu, tun a nan, domin abin da ke jikin mai bashi ba a lissafa shi. Nomau ya sa ta a kan jar rigarsa.

Saura wanda zai zartar. Madugu ya ce shi dai ya jira damina biyu, Alƙali kuma ya ce wa'adin wannan bashi ya daɗe da wucewa, babu sabo. Galadima ya kawo sunan wani yaronsa a naɗa shi Sarkin Dogarai nan take, Sarki ya ce ba a naɗi sai bayan salla. Kafin nan kuwa mutum ɗaya ne a ƙasar Kandawa ke da ikon ƙulla kaba. Sarki ya dubi Nomau ya ce a zartar da hukunci. Nomau ya rusuna ya fita.

Ya tarar da gidansa cike da maƙwabta masu zuwa barka da dawowa, labarin Gawo Biyu ya riga shi isowa, na majalisa bai iso ba. Ya amsa gaisuwa, ya sallame su da daɗin baki, ya ce wa dogarai biyun da suka biyo shi da kaba su jira a zaure. Gwamma na tsugune a murhu tana tuƙa tuwo, ta ɗago ta ga sabuwar rigar ta fara murmushi.

Ya ce mata ta kwashe kayan ɗakinta, tukwane da tasoshi da gado da akuyoyinta, ta kai gidan maƙwabciya tun da rana, domin kayan mace ba sa shiga bashin miji, amma abin da aka ƙulle a ciki fitar da shi wuya ne. Gwamma ta tsaya da muciya a hannu. Ta san maganar nan kalma da kalma, don matan birni da yawa sun zo har nan sun maimaita mata ita da kuka.

"Har fadamar, Maigida?"

"Har ita."

Gwamma ta tambaye shi ko tuwon ma na cikin lissafi. Ya ce a'a, abincin iyali ana barinsa. Ta ce to ya zauna ya ci tun da zafi, ta kwashe masa a akushi, ta shiga ɗaki ta fara haɗa tasoshinta.

Ya ci, ya wanke hannu, ya fita zaure ya karɓi kabar daga hannun dogari. Ya fara da ƙofar rumbu, kamar yadda ya saba.